Dattawanmu da Ƙwaryar Burukutu

Darasinmu na wannan wata ya shafi iyayenmu da kakanninmu, waɗanda da yawansu su ne suka kwaɓa ƙasa suka gina majami'un farko a ƙauyukanmu. Akwai abin da muke gani kowace ranar kasuwa, amma kunya takan hana mu faɗa: dattijo ya shiga gidan burukutu da hantsi, ba zai fito ba sai almuru, wani lokaci ma sai an riƙo shi.

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu tambayi abin da ke kai shi can. A dā, a Kudancin Kaduna da Filato da garuruwan Maguzawa, burukutu abin taro ne. Akan jiƙa dawa ta tsira, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami, sa'an nan a fito da ita ranar gayya, ko biki, ko zaman makoki. Ƙwarya takan zaga, idon jama'a kuwa yana kan kowa. Yau 'ya'ya sun tafi Kaduna da Jos da Abuja neman abinci, tsararraki sun ragu, ƙarfin noma ya ƙare. Ga dattawa da yawa, gidan burukutu ne kaɗai wurin da ya rage inda ake kiran sunansu, a saurari labarinsu. Kaɗaici ne yakan kai su. Tsofaffin mata kuwa sukan sha a ɓoye cikin ɗaki, musamman yanzu da giya mai ƙarfi take samuwa da araha cikin ƙananan kwalabe.

Amma jikin tsoho ba ɗaya yake da na saurayi ba. Da shekaru ruwan jiki yakan ragu, hanta kuma takan rage sauri, don haka ƙwarya biyun da mutum yake sha yana ɗan shekara 30 za su iya kayar da shi yana ɗan shekara 70. Giya tana tsananta hawan jini, tana kuma rikita aikin maganin ciwon suga da na barci. Tsoho mai maye yakan faɗi, karayar ƙugu kuwa ta kwantar da mutane da yawa kwanciyar da ba su tashi ba.

Ikilisiya ba ta koyar da cewa ruwan inabi ƙazanta ne ba, gama Ubangijinmu da kansa ya ba da shi a bikin Kana. Abin da take yaƙi da shi shi ne wuce gona da iri, kamar yadda Katikizim na 1992 ya bayyana a sakin layi na 2290. Waliyyi Bulus ma, a sura ta 2 ta wasiƙarsa ga Titus, ya roƙi tsofaffi maza da mata su kame kansu, domin ƙanana suna koyi da su. A gare mu 'ya'ya kuwa, darasin yana cikin Farawa sura ta 9. Sa'ad da Nuhu ya bugu, Ham ya fita yana ba da labari, amma Shem da Yafet suka shiga da baya suka rufe mahaifinsu. Su ne suka sami albarka.

Mu tuna kuma da Matt Talbot, lebura a birnin Dublin na ƙasar Ayaland, ƙasar da Fadoji da yawa da suka yi aiki a Kaduna da Jos suka fito. Wata rana a 1884 ya tsaya a ƙofar mashaya ba ko kobo, abokan shansa suka wuce shi. Ya koma gida, ya ɗauki alkawarin barin giya, ya riƙe shi har mutuwarsa a 1925. Lokacin da dā yake ɓatawa a mashaya, ya cika shi da Misa da addu'a.

Saboda haka, hana dattijo ƙwarya kawai ba zai isa ba, sai mun ba shi wurin zama a cikinmu. Zumunci a ƙafa yake. Bari Zumuntar Mata da matasa su raba gidajen tsofaffi, a riƙa ziyartarsu kowane mako. Bari katikis ya nemi shawararsu a sha'anin sulhu da na aure. A bukukuwanmu mu wadata kunun zaki da zoɓo, kada mu matsa wa wanda ya ce ya ƙoshi. Wanda kuma ya daɗe yana sha kullum, a kai shi asibiti kafin ya daina, gama dainawa farat ɗaya takan kawo makyarkyata har da farfaɗiya.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Tsofaffi nawa ne a Ikilisiyarmu suke zaune su kaɗai?
2. A gidajenmu, halin Ham muke nunawa ko na 'yan'uwansa?

Ya Ubangiji, ka ba iyayenmu tsufa mai daraja, ka ba mu zuciyar kula da su, ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.