Ciwon Baya: Yadda Tsohon Soja Ke Ɗaukaka Ƙara a Amurka

Soja yana ɗaukar kaya masu nauyi, yana dirowa daga mota, yana kwana a ƙasa. Shi ya sa ciwon baya ya yi yawa a tsakanin tsoffin sojoji. A Amurka akwai ma'aikatar kula da su, ana kiranta VA. Ita ke biyan kuɗi duk wata ga wanda aikin soja ya nakasa.

Kafin a biya, sai an tabbatar ciwon yana nan, an ga abin da ya sami mutum a bakin aiki, kuma an nuna wancan ne ya jawo wannan. Na ƙarshen nan ya fi kayar da mutane.

Sai awo. Likita zai ce mutum ya sunkuya, ya auna shi da wani ma'auni mai hannu biyu kamar almakashi. Lafiyayyen baya yana kai digiri 90. Wanda bai wuce 60 ba, a ƙiyasta nakasarsa kashi 20 cikin 100. Wanda ya tsaya a 30 ko ƙasa da haka, kashi 40. To, a nan jarumta ke cutar soja. Ya saba cije haƙora, sai ya daure ya sunkuya har ƙasa, likita kuwa abin da ya gani zai rubuta. Kamata ya yi ya faɗi inda zafin ya fara. Ya faɗi yadda yake kasa ɗaura takalmi ranar da ciwon ya motsa. In zafin yana sauka ƙafa, kada ya ɓoye, don ana lissafa ciwon jijiya daban.

In an hana shi, ko an ba shi kaɗan, yana da shekara ɗaya daga ranar da ke kan takardar hukuncin don ya ɗaukaka ƙara. Tun 2019 hanyoyi uku ne. Zai iya kawo sabuwar shaida, kamar bayanin likita ko na abokin aikin da ya ga lokacin da ya faɗi. Zai iya neman babban jami'i ya sake duba fayil, amma a nan ba a ƙara shaida. Ko ya kai gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara. In ya yi sake shekarar ta wuce, yana iya rasa kuɗin watannin baya.

In alƙalin ma ya ƙi, akwai kotu ta musamman, wa'adinta kwana 120. Ƙungiyoyi irin su American Legion suna taya cike takardu kyauta.