Amsoshin Tambayoyinku: Farin Beyar da Ƙanƙarar da ke Narkewa

Tambaya: Na ji a rediyo wai akwai wata farar dabba da narkewar ƙanƙara ke neman ƙarar da ita. Wace dabba ce, kuma me ya haɗa ta da ƙanƙara? Daga wani malamin makaranta a Galma, Madawa.

Amsa: Malam, farin beyar ke nan. Can ƙuryar arewacin duniya yake zaune, a Kanada, Alaska ta Amurka, Girinlan, Norwe da Rasha. A 2015 masana sun ƙiyasta yawansa kimanin 26,000.

Ƙanƙarar da ake nufi ba irin wadda ke zubowa da damina ba ce. Teku ne da kansa ke daskarewa har ya zama fili, kuma a kan filin nan beyar ke farauta. Abincinsa wata dabbar ruwa ce mai kitse, sil, wadda ke leƙowa ta rami a ƙanƙara don ta shaƙi iska. Sai ya kwanta a bakin ramin ya yi lamo, wani lokaci na tsawon sa'o'i, tana leƙowa ya cafke ta. A cikin ruwa kuwa ta fi shi zafin nama. Idan ƙanƙara ta narke da wuri, tilas ya hau tudu ya yi watanni yana cin kitsen jikinsa, kamar shanun da rani ya yi wa tsawo. Macen da ta rame ba ta da nonon shayar da 'ya'yanta. A yammacin Tekun Hudson na Kanada, daga beyar kimanin 1,200 a shekarun 1980, ƙiyasin 2021 ya dawo 618.

A 1973 ƙasashe biyar masu iko da yankunan da yake zaune suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Oslo, suka taƙaita farautarsa, kuma abin ya yi amfani. Yau zafi ne ke cin sa. Hayaƙin fetur, gas da kwal na dumama duniya, yankinsa kuma ya fi ko'ina saurin dumama.

Mu ma zafin bai bar mu ba, Malam. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita tun 1984, sun tare iska, sun rage zaizaya a gonaki. Amma shuka itace a nan yankinmu ba zai sake daskarar da teku ba. A ganina babban nauyin na wuyan ƙasashe masu manyan masana'antu, waɗanda suka yi alkawarin rage hayaƙi a Faris a 2015.