Tsibiran Tafkin Cadi da Sirrin Ruwansu

Duk wanda ya shiga kwalekwale daga garin Bol, a gabashin Tafkin Cadi, zai yi ta ratsa ɗaruruwan tsibirai dogaye, a jere kamar kunyoyin gona. Asalinsu tuddan rairayi ne da iska ta tara a zamanin wani dogon fari. Da ruwa ya dawo sai ya malale kwaruruka, ya bar kawunan tuddan a waje. A nan Buduma suke kiwon shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda kan yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa.

Abin mamaki shi ne matafiyin zai iya ɗibar ruwan ya ɗanɗana, ya ji babu zartsi. Kogin Shari ne ke kawo wajen kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zubawa, amma babu kogin da ke fita. Rana kuwa ruwa take ɗaukewa ta bar gishiri. To, ina gishirin yake zuwa?

Na farko, ruwa yana tsiyaya ta cikin rairayi a arewa maso gabas, ya tafi da gishirin. Inda ya ɓullo ya ƙafe, can ake haƙar kanwa. Na biyu, tsirrai da dodon koɗi suna zuƙar wasu ma'adinai don gina jikinsu. Ba don haka ba, da masunta da makiyaya da manoma sun tashi tuntuni.

Aikin aji: a cika sabon tulu da ruwan gishiri, a ajiye a rana kwana bakwai, sannan ɗalibai su bayyana farin da ya fito a bayansa.