Darasin Mako: Yanayi Ya Canza, Ina Muka Dosa?

Jama'a, kun tuna Oktoban 2022, da ambaliya ta datse hanyar Lokoja, motocin kaya suka yi kwanaki a tsaye? A Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Hayaƙin fetur da kwal da sare itatuwa ne ke ɗumama duniya, damina ta rikice: yau fari, gobe ambaliya.

Hanya biyu ce a gabanmu. In an yi sake, gonaki su gaza, 'yan'uwa su yi ta kwararowa kudu, abinci ya yi tsada. In an tashi tsaye da iri mai saurin nuna, noman rani da dashen itatuwa, ƙauye zai riƙe mutanensa.

To Alhaji, cikin kuɗin da kake aikawa gida, ware na iri da dashe tun kafin damina.