Yadda Ake Gina Tandar Bandar Nama ta Laka

Banda ita ce busar da nama ko kifi da zafi da hayaƙin itace ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba, kuma a nan ta bambanta da gashin tukuba, inda mai tsire ko balangu yake neman nama ya nuna nan take, da kuma kilishi, wanda rana ce take yin mafi yawan aikinsa. A garuruwan da ke bakin babbar hanya mai lamba 1 a jihar Maraɗi, tun daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, inda lantarki bai kai ƙauyuka da dama ba, kuma naman layya yakan yi yawa a kwana biyu, tandar banda tana ba magidanci damar adana nama ba sai an soye shi duka a mai ba.

Ginin laka ya fi dacewa da ɗan koyo, domin laka tana riƙe zafi, tana kuma rage cin itace, dalilin da ya sa tandar Chorkor ta ƙasar Gana, wadda aka ɓullo da ita a ƙarshen shekarun 1960 da taimakon hukumar abinci ta duniya FAO, ta yaɗu tsakanin masu bandar kifi a Afirka ta Yamma. Tanon ƙarfe ya fi saurin haɗawa, amma wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a cikinsa ba ya shiga aikin abinci ko an wanke shi.

Ana fara aikin bayan kaka, a wuri mai nisa da rumbu da dangar kara. Za a shata ɗakin hayaƙi, wato inda nama zai zauna, mai tsawon mita 1 da faɗin santimita 80 daga ciki, sannan a haƙa ramin wuta mai zurfin santimita 40 a nisan kimanin mita 1 da rabi, a haɗa su da lungu mai faɗin taƙi guda wanda yake ɗan haurawa zuwa ɗakin, tunda hayaƙi sama yake nema. Wannan tazara ita ce ginshiƙin tandar baki ɗaya. Idan wuta tana ƙarƙashin nama kai tsaye, kitse yakan ɗiga a kan garwashi ya tayar da baƙin hayaƙi mai ɗaci da ke ɗauke da sinadarai masu illa ga lafiya, sannan bayan nama ya ƙone alhali cikinsa ɗanye ne, kuma irin wannan nama shi ne yake ruɓewa daga ciki bayan 'yan kwanaki.

Ana rufe lungun da birgi, wato busasshen tubali, a yaɓe da laka, a kuma ta da bangon ɗakin zuwa tsayin mita 1 da lakar da aka kwaɓa da ƙaiƙayin gero don kada ta tsage. Yankin Agye da Gazawa jigawa ce galibi, saboda haka sai an ɗebo laka daga bakin tabki, yayin da mutanen Gidan Rumji suke samunta a fadamar Gulbin Maraɗi. Tun laka tana ɗanya ake gitta sandunan rodi hawa biyu, na farko a santimita 50, na biyu a 80, da tazarar yatsa biyu tsakanin sanduna. Ragar waya mai farin shafi da kwanon rufi ba su dace da wurin da zafi ya yi yawa ba, domin shafin yakan ƙone ya fitar da tururi mai guba. Baƙin ƙarfe daga wurin mai walda ya fi, kuma da shi za a yi murfin sama mai ƙaramar kafa da marufin bakin rami. Bayan mako guda na bushewa, ana hura ƙaramar wuta ba nama, a bi duk inda hayaƙi ya ɓullo a liƙe.

Zaɓen itace yana da muhimmanci kamar ginin. Busasshen marke da ƙirya da bagaruwa suna ba da garwashi mai daɗewa, kalgo da sabara kuma, waɗanda manoman Agye, musamman a Ɗan Saga, suka yi suna wajen rainonsu a gonaki, sassaben rassansu ya isa kunna wuta ba tare da an sare bishiya ba. Tumfafiya da aguwa, masu farin ƙaro, ba a sa su, haka ma katako mai fenti da leda.

Nama ana yanka shi sala-sala da kaurin da bai wuce yatsa biyu ba, a rage kitse, a shafe da gishiri, a bar shi a inuwa a rufe daga ƙuda har ya tsane. Ana jera shi ne bayan wuta ta koma garwashi, hayaƙi ya zama siriri mai shuɗi-shuɗi, a bar sarari tsakanin yanka da yanka. Awanni biyu zuwa uku na farko ana son zafi tsakanin digiri 80 zuwa 100 na ma'aunin Salshiyos har cikin nama ya nuna, naman kaza da zabo kuwa sai tsakiyarsa ta kai digiri 74. Daga nan ake rage bakin ramin, a ci gaba da busarwa a hankali yini guda ko fiye, ana juyawa ana musanya hawa na sama da na ƙasa. A lokacin hunturu, sa'ad da iska take kaɗawa daga arewa maso gabas, marufin yana buƙatar ido sosai don kada wuta ta ruru.

Naman da ya bandu yakan yi tauri, idan an karya shi ba a ganin danshi a tsakiya. Ana barinsa ya huce kafin a sa shi a kwando ko buhun da iska take ratsawa, ba leda ba, kuma da damina ana mayar da shi tanda duk bayan 'yan kwanaki, ita kanta tandar a yi mata rumfar kwano mai tsayi don kada ruwa ya zaizaye lakar.