Darasi Na 14: Kunun Safe

Wanda ya shiga kanti a birni ya kan ga wani gwangwani an rubuta Quaker Oats a jikinsa. Abin da ke ciki hatsi ne na ƙasashen sanyi, kamar Kanada da Rasha. Mutanen can su kan dama shi da madara, su sha da zafi da safe. Watau dai kununsu ke nan. Wannan hatsi ba ya son zafin ƙasarmu. Sai an ɗauko shi a jirgi, shi ya sa ya ke da tsada.

Abinci ne mai kyau, ba mu kushe shi ba. Amma kada wani ya ɗauka sai da shi yaro zai yi ƙarfi. Mu ma muna da namu a rumbu.

Ga gero, ga dawa, ga masara. Mutanen Jos da kudancin Kaduna suna da acca, mai saurin dahuwa, mai sauƙi a ciki. Da waɗannan mu ke yin koko da kunun tsamiya. Da shinkafa ko gero kuma a ke yin kunun gyaɗa.

To, ina matsalar ta ke? Mu dubi koko. An jiƙa gero ya kwana, an niƙa da citta da kanumfari, an tace, an zubar da dusa. An ɗebi gasara kaɗan, an kwarara mata tafasasshen ruwa da yawa. Ya yi daɗi, ya ɗuma ciki. Amma yawancinsa ruwa ne. Babba ya kan haɗa da ƙosai, ya tafi gona lafiya. Ƙaramin yaro fa? Cikinsa ɗan mitsitsi ne. Ludayi biyu ko uku ya cika, alhali kuwa bai ci kome ba. Uwa tana ganin ya ƙoshi, yaro yana ramewa. Da yawa daga cikin yaran da ke lalacewa bayan yaye, ta nan abin ya ke farawa.

Maganin ba shi da wuya. Na farko, kunun yaro ya yi kauri, har ya tsaya a cokali bai zube ba. Na biyu, a ƙara masa abin da ke gina jiki. Hatsi ƙarfi ya ke bayarwa. Gyaɗa da wake da nono da ƙwai su ne masu gina tsoka.

Ga wani haɗi da za ku iya yi a gida. A auni gero ko dawa gwangwani 6, waken soya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. A tsince, a wanke, a shanya su bushe. A soya kowanne dabam a tukunya, ba mai, har ya yi ƙamshi. Waken soya lalle a soya shi sosai, a ɓarza, a sheƙe ɓawon, don ɗanyensa yana ɓata ciki. Sa'an nan a haɗa a niƙa. A ajiye garin a mazubi mai murfi, inda ba laima. Da safe a kwaɓa da ruwan sanyi, a zuba a tukunya, a yi ta juyawa har ya dahu.

A kula da gyaɗa. Wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, a zubar. Tana da guba mai cutar hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Jariri kuwa nonon uwa kaɗai ya ke bukata har ya cika wata 6. Daga nan a fara ba shi kunu, a ci gaba da nono. Kada a sa masa zuma sai ya shekara.

Akwai kuma kunun kanwa na masu jego. Mun san al'ada ce, amma a shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga matan da ke shan kanwa da yawa tare da wankan jego mai zafi. A rage kanwar. Mai jego ta fi bukatar kunun gyaɗa mai kauri.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir ya rubuta sunan kunun da aka sha a gidansa yau da safe, da abin da aka sa a ciki. Za mu karanta su ɗaya bayan ɗaya.