DARASI: Maigida da Yaransa a Fataucin Shanu

Darasinmu na wannan fitowa a kan zaman maigida da mutanensa ne, wato masu koro, da yaran da ke shiga tirela, da dillalai, da direbobi.

Mu fara da tambaya. Ran da ka yi lodi a Maigatari ranar Alhamis, ko Illela ranar Lahadi, ko Potiskum ranar Laraba, mota ta kama hanyar Ikko, dukiyarka tana hannun wa? Ba a hannunka take ba. Tana hannun yaron nan da ke tsaye a kan katako cikin rana da raɓa, yana tayar da san da ya kwanta kada 'yan'uwansa su tattake shi. Kwana biyu ko uku ba barcin kirki. To, wanda ka damƙa wa jarinka haka, ya kamata a ce ka san sunan mahaifinsa da garinsu.

Magabatanmu sun gane wannan tun zamanin ayarin Gwanja. Akwai madugu, akwai jagaba mai duba hanya, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari. Kowa da aikinsa, amma zango ɗaya ake sauka. Madugun da ba ya zama da mutanensa ba ya jin labarin hanya sai ɓarna ta auku.

Ni kaina na sha wannan darasi da tsada. Wata shekara bijimai biyu suka mutu mini a hanya. Ban tambayi yaron ba'asi ba, na zazzage shi a gaban jama'a, na yanke kuɗinsa. Daga baya na ji ashe tun wajen lodi ya ga an cushe motar fiye da kima, ya so ya faɗa mini, tsoron faɗana ya hana shi. Wallahi laifin nawa ne. Yaron ya koma wurin wani maigida, har yau yana can, ni kuwa na yi asarar shanu na yi asarar mutum. Ka ga ke nan, yaron da ke tsoronka zai ɓoye maka gaskiya, wanda ya saba da kai shi zai bugo waya tun matsala tana ƙarama.

Ga abubuwa huɗu da za mu riƙe.

Na ɗaya, a yanke lada da kuɗin guzuri tun kafin mota ta tashi, a biya da an sauke. Kada a ce sai mahauta sun biya bashi. Bashin naka ne, ba na yaro ba.

Na biyu, a ci abinci akushi ɗaya, a tambayi lafiyar iyali. Suna, jinya, ta'aziyya, a je da ƙafa, don zumunta a ƙafa take.

Na uku, gyara a keɓe, yabo a bainar jama'a. In asara ta zo, a saurara tukuna kafin hukunci.

Na huɗu, yaron da ya daɗe da kai ya nuna amana, sa masa ko da ɗan maraƙi ne a cikin lodi. Mai rabo a mota ba ya gyangyaɗi.

Wannan ya shafi ƙungiya ma. Ku tuna Janairun 1994 da aka karya darajar Sefa da rabi, da rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da ƙarancin takardun Naira a farkon 2023. A irin waɗannan lokuta kuɗi a hannu ya yi wuya, abin da ya riƙe ciniki shi ne sanayya: dillali ya tsaya maka, abokin hulɗa a tsallaken iyaka ya ba ka shanu a kan magana. Ba a ƙulla wannan ranar wahala, tun ana cikin daɗi ake gina ta. Saboda haka shugabanninmu kada su tsaya ga karɓar kuɗin kati. Su zaga kara, su zauna da ƙananan fatake, su ji kukansu.

Aikin gida: kafin lodi na gaba, kira yaranka ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye su abin da suke gani a hanya wanda ba su taɓa faɗa maka ba. Ka yi shiru ka saurara.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.